Dashen Haƙoran Muƙamuƙi Gaba Ɗaya: Wa Za Ka Miƙa Wa Bakinka?

Dattijon da haƙoransa suka zube, ko ciwon dasashi ya bar su suna girgiɗi, yau yana da zaɓin da ya wuce haƙoran roba na cirewa da mayarwa. Ana kafa kusoshi huɗu zuwa shida na ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura musu jerin haƙora goma zuwa goma sha biyu. Aikin ba sabo ba ne. Likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya yi wa mutum na farko dashe a 1965, bayan ya gano ƙashi yana manne wa titaniyam ya riƙe shi gam. Inda ake samun matsala shi ne hannun da zai yi aikin.

Fara da takarda. Wanda doka ta yarda ya huda ƙashin bakin mutum a Najeriya shi ne likitan haƙori mai digirin BDS ko makamancinsa, mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN, wanda ya sabunta lasisinsa na bana. Mai haɗa haƙora a ɗakin ƙira da mai wanke haƙori ma'aikata ne masu daraja, kowa da hukumarsa, amma tiyata ba hurumin su ba ce. A nan Katsina kowa ya sa farar riga sai a ce masa "dakta", don haka ba rashin kunya ba ne ka ce, "Ranka ya daɗe, zan iya ganin lasisin?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Digirin farko ma bai wadatar ba ga aikin muƙamuƙi gaba ɗaya. Ana son hannu biyu: ƙwararre a tiyatar baki da muƙamuƙi wanda zai kafa kusoshin, da ƙwararre a maye gurbin haƙora wanda zai tsara yadda na sama da na ƙasa za su haɗu. Alamar ƙwarewar ita ce FMCDS ko FWACS a bayan suna. Kwas na 'yan kwanaki da kamfanin kusa ya shirya ba ya mai da mutum gwani, komai kyan takardar da aka rataye a bango. Idan kana neman inda za ka fara, sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina zai duba ka ya nuna maka hanya, haka Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Ana gane gwani tun kafin ya ɗauki wuƙa. Zai tura ka hoton CBCT, wanda ke nuna tsayin ƙashi da kaurinsa ta kowace fuska. Hoton eksire na gama-gari ba ya nuna kauri. Dalilin nacewa a kan wannan: a muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, kuma ana barin tazarar aƙalla milimita 2 tsakaninta da bakin kusa. In aka taɓa ta, leɓe zai daina ji na watanni, wani lokaci har abada. A na sama kuma akwai kogon iska a gefen hanci, ƙashin wurin yana da laushi, shi ya sa sau da yawa ake sa kusa shida a sama. A tsarin All-on-4, wato kusoshi huɗu su ɗauki jerin haƙoran duka, ana karkata kusoshin baya biyu da digiri 30 zuwa 45 don a kauce wa waɗannan wurare. Wanda ya leƙa bakinka da tocila ya yanka maka farashi nan take, tashi ka ba shi wuri.

Sai tambayoyin lafiya. Mai ciwon suga sai an yi masa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, ba na tsinken yatsa na safiya kawai ba. In ya haura kashi 8 cikin ɗari, likitoci da yawa za su ɗage aikin har ya sauka. Taba sigari tana rage jinin da ke zuwa dasashi, kusa ta ƙi kamawa. Dole a tambaye ka maganin tsinka jini irin warfarin, da maganin ƙarfafa ƙashi irin alendronate, da ko an taɓa gasa maka kai ko wuya saboda ciwon daji, domin biyun ƙarshe suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan tiyata. Likitan da bai taɓa ce wa kowa "kai bai dace da kai ba" abin tsoro ne. Ga wasu, kusa biyu a ƙasa da haƙoran roba masu maƙalewa a kansu sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin wankewa, musamman tsohon da hannunsa ke rawa.

Leƙa ɗakin aikin. A nuna maka tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, a kuma buɗe kwalin kowace kusa a gabanka. Tambayi janareto ma. Injin huda ƙashi yana tafiya ne da feshin ruwan gishiri mai sanyi, saboda ƙashin da ya yi zafin digiri 47 a ma'aunin Celsius na minti ɗaya ya ƙone, kusar da aka sa a ciki ba za ta kama ba.

Maganar "haƙora a rana ɗaya" gaskiya ce rabi. Ana ɗora haƙoran wucin gadi a ranar ne kawai idan kusoshin sun ɗauru da ƙarfin da ya kai wajen 35 Ncm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa. Na dindindin sai bayan wata uku zuwa shida. A tsakanin nan abinci mai laushi ne: kunu, koko, fura, fate, tuwo mai ruwa-ruwa. Goro, kilishi, aya da rake su jira. Mai cizon haƙora cikin barci kuma a yi masa robar da zai riƙa sawa a baki da dare, in ba haka ba zai fasa jerin.

Yanzu abin da mutane suka fi sakaci da shi. Kowane kamfani, Straumann ne ko Nobel Biocare ko Osstem, da irin notinsa da irin sukundirebansa. Notin da ke ɗaure haƙoran a kan kusa yakan saki bayan shekaru, haƙori ɗaya yakan ɓalle, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma in ba a san sunan kusar ba, likitan da ka je wa ba shi da abin kwance ta. Wannan ne ke kama masu zuwa Alƙahira ko Istanbul ko Indiya: aikin yakan yi kyau, sai a dawo gida babu mai kayan gyara. Kada ka bar asibiti sai da kati mai sunan kamfani, tsayi da kaurin kowace kusa, da lambar ƙira, tare da kwafin hotonka. Ko Kano ka zaɓa, lissafa tafiyar kusan kilomita 170 daga Katsina sau da yawa a shekarar farko, sannan duba duk bayan wata shida, don kumburin dasashi a gindin kusa yana cin ƙashi ba tare da ciwo ba.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa: cire ragowar haƙora, ƙarin ƙashi in ana buƙata, na wucin gadi, na dindindin da irin kayansa, roba a kan ƙarfe ne ko zirkoniya, wato wani farin tangaran mai ƙarfi. A rubuta kuma wanda zai biya idan kusa ɗaya ta ƙi kamawa a watannin farko. Kayan nan da dala ake shigo da su, saboda haka a sa ranar da farashin zai daina aiki, kuma a raba biyan gida biyu, kashi na ƙarshe sai ranar da aka ɗaura na dindindin ka tauna ka ji daidai.