Godiya ga waɗanda suka riƙe ni shekara guda

Assalamu alaikum. Jiya Juma'a na cika shekara guda cur rabona da tiramol da kodin. Bayan La'asar 'yan uwa suka taru a zauren gidanmu nan Katsina aka yi addu'a, aka ce in yi magana, kuka ya ci ƙarfina. Abin da na kasa faɗa a can shi na kawo nan.

Ni tela ne, kuma ɗinkin Sallah ne ya fara kai ni ga ƙwaya. Wani ya miƙo mini tiramol mai lamba 225 don in kwana a kan keke ban gaji ba. Da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, kwalba ta yi tsada, sai na ƙara yawan ƙwayar. Haka na yi ta yi har ranar da na faɗi a shago ina jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Baba, Allah ya saka maka da Aljanna. Mutane sun ba ka shawarar a kai ni gidan mari, ka ƙi, ka tuna musu yadda 'yan sanda suka fito da mutane da sarƙa a ƙafa daga irin gidan nan a Daura a 2019. Ka sayar da sa, ka kai ni asibiti. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka jure mini a makon farko, lokacin gumi da zawo da ciwon ƙashi da rashin barci, ina gode muku.

Amma in faɗi gaskiya, kwanciyar asibiti ita ce mai sauƙin. Aikin yana nan bayan sallama, musamman tsakanin Isha'i da sha biyun dare, lokacin da dā nake majalisa. Yaya ne ya toshe mini wannan gurbin. Kullum sai na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, ko ruwa ake ko sanyin hunturu, mu tafi karatu, mu dawo mu zauna hira har barci ya zo. Shi ne kuma ya sa ni na canza layin waya, na kuma canza hanyar zuwa shago, nake zagayawa ta Ƙofar Ƙaura duk da nisan.

Akwai dare ɗaya a wata na bakwai da ba zan manta ba. Na tsinci kaina a bakin wani kemis, kuɗi a dunƙule a hannuna har sun jiƙe da gumi. Likita ya riga ya gaya mini cewa sha'awar takan taso ta yi ƙarfi sannan ta lafa idan na daure, kuma jikin da ya daɗe bai sha ba ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a dā, yana iya zama ajali. Na kira Yaya. Bai yi mini faɗa ba, ko kalma ɗaya. Ya zo ya ɗauke ni zuwa teburin mai shayi, ya sa aka soya mini ƙwai, muka zauna har hannuna ya daina rawa.

Maigidana a shago, na san asarar da ka yi a azumin bana. Ka mayar da yadin mutane da dama don kada in yi aikin dare, ƙarfe tara na yi ka ce in rufe keke. Wata shida kana miƙa kuɗin aikina hannun Inna saboda ni na roƙa, ba ka taɓa gaya wa sauran yara dalili ba. Inna kuwa, ke kin san adadin daren da kika raya a kan sallaya saboda ni.

Waɗanda na ɓata wa shadda ko na ci musu kuɗin ɗinki a wancan lokacin, ku yafe mini. Sunayenku na rubuce a littafi, ina biya ɗaya bayan ɗaya, saura mutum huɗu. Abokaina na majalisa, wallahi ba raini ya sa na daina zuwa ba, tsoron kaina nake ji. Duk wanda ya shirya zuwa asibiti a cikinku ya aiko mini, Yaya ya ce zai kai mu a babur.