Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da aka sake yanka taswira

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda babban ɗana yake aji takwas, yana ɗokin shiga babbar sakandare, wadda a Amurka take kamawa daga aji tara zuwa sha biyu.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai ɗauka uba ne ke zaɓar wa ɗansa makarantar gwamnati. A mafi yawan wurare adireshi ne ke zaɓa. Hukumar makarantun gunduma tana da taswira da ta yanka kashi-kashi, kowane kashi da makarantarsa. Shi ya sa idan ka duba tallan gida a intanet za ka ga sunayen makarantun da gidan ya faɗa cikinsu. Gida biyu iri ɗaya, titi ne kawai tsakaninsu, amma farashinsu ya sha bamban saboda layin ya ratsa ta tsakiya. Ba a wasa da layin nan. A 2011 an ɗaure wata uwa baƙar fata a jihar Ohio na 'yan kwanaki, don ta yi wa 'ya'yanta rajista da adireshin mahaifinta.

A kakar shekarar da ɗana yake aji takwas takarda ta zo mana daga hukumar. Makarantar yankinmu ta cika ta batse, har an jera azuzuwan wucin gadi a bayan gini, ita kuwa wadda ke ƙetaren babban titi akwai kujerun da babu kowa. Za a sake jan layi, kuma rukunin gidajen hayar da muke ciki zai koma can.

Ni dai da fari ban ga abin tayar da hankali ba. Ɗana ne ya ajiye takardar ya ce, "Baba, mu fa ba 'yan can ba ne." Maganar ta tsaya mini a rai. Yaron nan ya zo ƙasar yana ƙarami, ya sha tambayar daga ina yake, ya sha jin ana murɗe sunansa. Abu na farko da na ji ya kira "namu" a Amurka shi ne makarantar nan, tun bai shige ta ba. Daren Juma'a yakan bi abokansa kallon ƙwallon Amurka a filinta, ya san waƙar 'yan badujalarta, yana da riga mai launinta. A garuruwa da yawa a nan, idan an tambayi dattijo asalinsa, sunan sakandarensa yake faɗa.

Na je zaman jin ra'ayin jama'a. Zauren ya cika da iyaye sanye da riguna iri ɗaya, kowa ana ba shi minti uku. Kusan duk wanda ya kama makirufo cewa yake kada a raba musu al'umma. Wasu har ga Allah suke faɗa. Wani tsoho da ya yi makarantar, 'ya'yansa suka yi, yanzu jikarsa za a ɗauke, muryarsa rawa take yi. Wasu kuma da sun ɗan yi nisa sai ka ji darajar gida ta shigo, sai ka ji "waɗancan yaran". Makarantar ƙetaren titi ita ce mai yawan baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, da yaran da ake ba abincin rana kyauta saboda ƙarancin samun iyayensu.

Wata dattijuwa baƙar fata da muke hawa ɗaya da ita ce ta zaunar da ni ta warware mini zare da abawa. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta ware makarantu bisa launin fata, amma unguwanni sun riga sun rabu, don haka taswira ta ci gaba da yin aikin da doka ta daina. A 1971, a shari'ar birnin Charlotte, kotun ta yarda a riƙa kwasar yara a bas zuwa wasu unguwanni don a cakuɗa su. Ita kanta an kwashe ta haka tana yarinya, kuma ta ce kullum su ne ke tashi da duku-duku su yi doguwar tafiya. A Boston a 1974 har jifan bas-bas aka yi. A shekarar ne kuma kotun ta hana a tilasta wa gundumomin kewayen Detroit shiga irin wannan shiri, sai masu hali suka ƙara samun dalilin ƙaura zuwa bayan gari. Rigimar ba ta mutu ba: a 2019 gundumar Howard a jihar Maryland ta sha zanga-zangar iyaye kafin ta sauya wa ɗalibai sama da 5,000 makaranta.

Da na dawo gida na baje taswirorin da hukumar ta fitar a kan tebur. Ina goyon bayan a cakuɗa yara, kuma har yau ina kan haka, domin ban yarda ɗan mai haya da ɗan mai gida su girma ba su taɓa haɗa benci ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne, duk taswirar da na duba, unguwannin masu riguna ana ɗan karkata musu layi, namu rukunin kuwa yana ƙetare a kowacce. Maƙwabtana masu tuƙin tasi ne da masu jinyar tsofaffi da masu aikin dare. Lokacin da ake zaman suna wurin aiki, wasu ma ba su gane abin da takardar ke cewa ba.

Maiɗakina ta daɗe tana kallon taswirorin, sannan ta ce, "Malam, idan ba ka je ka faɗa ba, wa zai faɗa mana?" A daren na sa sunana cikin masu magana a zama na gaba, washegari kuma na fara bin ƙofofin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Yadda muka kwashe da su, da abin da ya faru a zauren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.