Abin da ayarin teku ya koya mini

Mu tara ne muke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a zauren wani dattijonmu a Unguwar Rimi, kuma biyu ne kawai a cikinmu suka taɓa ganin teku. Da aka ce bana tarihin yaƙin ruwa za mu karanta, na zaci labarin manyan jiragen yaƙi da igwa za mu sha. Ashe wata uku za mu yi a kan jiragen dakon kaya.

Daga 1939 zuwa 1945, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun yi ta farautar jiragen da ke kai wa Birtaniya abinci da mai a Tekun Atlantika. Maganin da aka yi amfani da shi an gano shi tun 1917: a haɗa jirage talatin ko arba'in su tafi tare, da 'yan rakiya. Wasu ayarin daga babban birnin Saliyo suke tashi zuwa Ingila, ɗauke da amfanin ƙasashenmu. Teku na da faɗi, gano jirgi arba'in a dunƙule bai fi gano guda ɗaya sauƙi sosai ba. A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin ruwa 41.

Muna cikin karatun sai mai zauren ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, ai wannan fataucin Gwanja ne. Madugu ba ya wuce jakin da ya fi kowa nawa." Haka kuwa yake, ayari da saurin jirgin da ya fi rauni yake tafiya, wanda ya saki layi kuma shi ake fara nutsarwa. Jinkirin ya rage yawan kayan da ake kaiwa, amma aka haƙura da shi.

Maganar ta tsaya mini a rai. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi, kullum ina gudu da yara biyar na layin gaba don in gama manhaja. Akwai wani yaro a bencin baya da ya daina ɗaga hannu tun zangon farko, ban ko lura da ranar da ya daina ba.

Ran Litinin na koma kan kasafi, darasin da na ce mun wuce tun makonni uku baya. Mun makara a manhaja, na kuma san za a tambaye ni dalili. Ran Alhamis yaron nan ya fito allo, alli na rawa a hannunsa, ya raba 84 gida 7.