Layin gida daban, layin sana'a daban

Da yawa daga cikin masu neman kuɗi ta intanet, daga mai sayar da atamfa a Kantin Kwari har malamin da ke neman aiki a ƙasar waje, da layin waya ɗaya suke komai. Da shi ake gaisawa da dangi, da shi ake karɓar oda, da shi aka buɗe Facebook da asusun banki. Ranar da aka sace wayar, zumunci da kasuwa da kuɗi sai su tafi tare. Shi ya sa duk mai son raba harkar gidansa da ta sana'arsa ya kamata ya fara da layin waya da adireshin imel.

Ka sayi layi na biyu, ka yi masa rajista da NIN ɗinka. Kada ka bari ƙanenka ko yaron shago ya yi da nasa, domin idan layin ya ɓata, wanda sunansa ke kan rajistar shi kamfanin sadarwa ya sani. Kuma ka riƙa sa masa kati kana kira da shi. Layin da aka yi watanni ba a taɓa ba, kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani, daga nan lambobin sirrin shiga asusunka wayar baƙo za su riƙa faɗawa.

A kan sabon layin za ka buɗe WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018. Yana da wurin jera kaya da farashinsu, da saƙon maraba, da alamomin da za ka ware wanda ya biya da wanda kake bi bashi. Lamba ɗaya ba ta aiki a WhatsApp na yau da kullum da WhatsApp Business lokaci guda, amma waya mai layi biyu tana ɗaukar duka.

Inda aka fi yi wa mutane illa shi ne lambar nan mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke turowa ta tes idan za a buɗe asusunka a wata waya. Wani zai kira ka da ladabi, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Kana karantowa ya shige asusunka, ya bi kwastomominka da danginka yana roƙon rance da sunanka. Kuɗin da aka yi asara ana iya mayarwa, amanar da aka yi shekaru ana ginawa ita ce mai wuyar dawowa. Maganin bai kai minti biyu ba: ka shiga saituna, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri, ka haɗa da imel. Idan ɓarawon ya riga ka kunna ta, za ka iya fitar da shi da sabuwar lambar tes, amma sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga.

A Facebook, asusun mutum ba ya wuce abokai 5,000, don haka ka buɗe wa sana'a shafinta, ka sa amintacce ɗaya ya zama mai kula na biyu. Tsofaffin rubuce-rubucenka kuwa, akwai saitin da ke mayar da su na abokai kaɗai a lokaci ɗaya. Ka yi amfani da shi, amma zagi da cin mutuncin da ka san ka yi a zafin siyasa gara ka goge su. Masu ɗaukar aiki suna bincika suna, kuma tun 2019 Amurka ke tambayar masu neman biza sunayen asusunsu na sada zumunta na shekara 5 da suka wuce.

Sai rubutun suna, wanda mutanenmu ke raina wa. Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a LinkedIn, laƙabi a Instagram, sunan matarka a asusun da ake tura kuɗi: kwastoman da bai san ka ba yana ganin haka zai ja baya, kuma da gaskiyarsa. Ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke kan katin shaidarka, ka sa shi ko'ina da hoto iri ɗaya. Takardar NIN, tikitin jirgi da hoton yara cikin kayan makaranta mai ɗauke da bajo, kada ko ɗaya ya hau shafin sana'a.