Kafin ruwa, sanda

Duk tapi, wato kafet, da ya shigo wurinmu don wanki, abin da nake fara yi shi ne in sa yara su kifa shi a kan siminti, gashinsa ƙasa, bayansa sama, su bi shi da sanda daga wannan kusurwa zuwa waccan. In an ɗaga, sai in kira mai shi ya zo ya ga abin da ya zubo. Wata Hajiya daga unguwar Koira Kano a nan Yamai ta kawo mana na falonta ana saura mako uku Sallar layya, tana cewa, "Ɗana, ba wani datti gare shi ba, kullum sai an share. Ɗan ƙamshi kawai nake so ya yi." Muka tattara jan yashin da ya fito, ya kusa rabin tiya. Ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu a kan wannan jikokina suke rarrafe?" Na ce, "Hajiya, ba ƙazantar gidanki ba ce. Yamai ce."

Mu nan tapi muke cewa, ƴan'uwanmu na Nijeriya su ce kafet. Ƙaramar da ake sallah a kanta darduma ce, wadda ake liƙawa daga bango zuwa bango kuma moket. Ni daga Tahoua na zo, kuma da wankin mota na fara, a wurin wani maigidana. Masu kawo mota ne suka riƙa fito da tapi daga but suna cewa a haɗa da shi, mu kuma mu zuba masa Omo mu sakar masa ruwa kamar taya. Sai da na buɗe nawa wurin na gane ɓarnar da muka yi wa mutane. Yanzu ina da yara biyar, babur mai ƙafa uku na ɗauko kaya da mayarwa, injin tsotsar ƙura, injin feshin ruwa wanda kowa ke kira Kärcher ko da wani kamfani ne ya ƙera shi, da ƙarafan shanya da na sa mai walda ya kafa mini a tsakar fili.

Yashi shi ne babban abokin gabar tapi a garin nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar gari, wadda ko an rufe taga sai ta shiga. Gab da faɗuwar damina kuma ga guguwa. Wanda yake Yamai a watan Mayun 2020 bai manta ranar da sama ta koma ja wur da rana tsaka ba. Sauran shekara ƙafa ce ke kawo shi daga tsakar gida. Tsintsiya abin da ke sama kaɗai take ɗauka, mai nauyin yana gangarawa gindin zare ya kwanta. Ƙwayar yashi kuwa kaifi gare ta, duk takun da aka yi tana gugar zaren tana yankansa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa za ka ga hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa kujera ta kwanta ta dushe, a zata launi ne ya koɗe, alhali zaren ne ya cinye. Wannan ba wankin da zai dawo da shi. In kuma aka zuba ruwa ba a fitar da yashin ba, an kwaɓa laka ke nan, ta bushe a ciki tapi ya yi tauri kamar busasshiyar fata.

Na biyu shi ne kumfa, kuma a kan wannan na fi shan gardama da mata. A ganin da yawa, in kumfa bai tashi har gwiwa ba ba a yi wanki ba. Tufa kana iya matse ta ka ɗauraye sau uku a bokiti, tapi ba ya matsuwa. Sabulun da ya rage a cikin zare yana bushewa da danƙo, sai ya riƙa kama ƙura fiye da da. Daga nan ne maganar nan ta fito wai tapi in aka fara wanke shi ya shiga uku da datti. Ba wankin ba ne, rashin ɗauraya ne. Mu sabulu kaɗan muke sawa, mu goga da buroshi bin kwanciyar gashi, sannan mu yi ta kora ruwa da katako mai bakin roba har sai wanda ke fita ya zama garau, in ka murza shi a yatsa babu santsi. Rabin ruwan da nake biya duk wata a ɗauraya yake tafiya.

Yawancin tapin da ke kasuwanninmu na inji ne daga Turkiyya ko Sin, wasu kuma ta Dubai suke biyowa, kuma zarensu na roba ne. Waɗannan suna da haƙuri, launinsu a cikin zaren yake, ba ya zuba. Na ulu da na saƙar hannu su ne masu sa mutum zufa. A shekarata ta farko wani Alhaji ya aiko da wani jan tapi mai farin baki, ya ce tsarabar mahaifinsa ce daga Makka. Ban gwada ba, na sa aka jiƙa shi da ruwan da ya yini a tanki cikin ranar Afrilu, wanda ya yi zafi kamar an ɗora a wuta, aka ƙara masa garin sabulu. Ina tsaye na ga jan yana malala cikin farin. Yaro ɗaya, don ya taimaka, ya ruga ya ɗauko ruwan jabel, wato bilic ɗin da ake farar da tufa da shi, ya ɗiga a bakin, wurin ya koma rawaya, zaren ya yi laushi kamar ya narke. Ulu gashin dabba ne, jabel cin sa yake yi. Na je gidan da kaina na durƙusa na faɗi abin da ya faru. Alhajin ya daɗe yana kallon tapin, ya ce, "Allah Ya sa iyakar asarar ke nan." Bai karɓi ko dala ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar ba a jiƙa tapi a wurina sai an danna farin ƙyalle mai damshi a kan kowane launi, an ɗaga an duba. Jabel kuma a ɗakina yake kwana, a kulle.

Tabo kowanne da halinsa. Shayi shi ne na kullum, don babu falon da ba a kifar da kofi ba. In aka danne shi nan take da tsumma mai tsabta, aka bi da ruwan sanyi, yakan fita. Dannawa na ce, ba gogewa ba, don guga faɗaɗa tabo take yi tana tura shi ciki. Jinin layya da madara da ƙwai ba sa son ruwan zafi, dafa su yake yi su kama zare. Man ja da miya a fara kwashe su da cokali kafin a kawo ruwa kusa. Fitsarin yaro ya fi kowanne wayo: sama ta bushe, ƙasa na riƙe da shi, sai damina ta zo da raɓa wari ya tashi, a yi ta turare ana zargin magudanar ruwa. Lalle kuwa rini ne, yadda yake kama fatar amarya haka yake kama ulu, kuma ba na yi wa kowa alkawari a kansa. Ƙunar garwashin turaren wuta ma mutane na kawo mini ita a matsayin tabo. A tapin roba zaren ne ya narke ya dunƙule. Iyakata in datse bakin da almakashi, in ba da shawara a riƙa ɗora kasko a kan faranti.

Mutane na ganin mu a Yamai ba mu da matsalar shanya, tunda rana kyauta ce. A bazara haka ne, tapi kan bushe yini guda, sai dai a kife muke rataya shi don kada rana ta cinye launi. Agusta ce ke nuna wanda ya iya aiki. Tapin da ya kwana biyu da damshi zai yi warin ruma, kuma in bayansa na igiyar rama ne yana iya tsukewa ko ya fitar da wani ruwan ƙasa-ƙasa zuwa sama. A lokacin nan kaɗan nake karɓa, daidai abin da rumfata da fankoki za su ɗauka, ga shi wuta na iya ɗaukewa ana tsakar aiki. Bayan ambaliyar 2020, da kogi ya shiga unguwannin Harobanda, an kawo mana tapi masu yawa. Waɗanda suka yi kwanaki cikin ruwan da ya haɗu da na masai na ce wa masu su su haƙura da su. Wasu sun ji haushi sun kai wani wuri.

Moket ɗin masallaci da na ofis ba a ɗaga su, mu ke zuwa da injin da ke fesa ruwa kaɗan ya tsotse abinsa. A masallaci muna shiga bayan asuba, mu yi ta fama don a samu wurin azahar. Bakin ƙofa ya fi ko'ina wahala, inda ake shigowa da ɗanyar ƙafar alwala a taka ƙura.

Da mita muke awon kuɗi, tsawo sau faɗi, kuma a gaban mai kaya nake ja igiyar awo don kada a yi musu daga baya. Duk da haka sai an ce, "Haba maigida, wancan mai wankin motar jika biyu ya ce mini." Ba na hana kowa zuwa. Nakan ce dai ya tambaye shi ko zai kakkaɓe kafin ya jiƙa, kuma a ina zai shanya, don na sha ganin tapin mutane shimfiɗe a bakin titi, jiƙe sharkaf, motoci na wucewa suna mayar masa da ƙurar da aka biya kuɗi a fitar.

Kwana goman ƙarshe na azumi da makon layya ba ma barci. Kowa sai a lokacin yake tuna falonsa, kuma kowa gobe yake so. Bara na daina karɓa ana saura kwana huɗu Sallah, na rubuta a allo na rataye a ƙofa. Ranar jajibiri da la'asar sai ga ƙanwar mahaifiyata a tasi, da tapi biyu a naɗe sun leƙo ta taga. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce wa yarana, "Ku sauke, ku yi a hankali da jan."