Kuloci da filawil na motar wasa: yadda muke zaɓa a garejinmu

Yawancin masu BMW da ke kawo mana aikin kuloci sun riga sun yanke shawara kafin su iso. Saurayi zai miƙo waya da hoton wani filet ɗin kuloci (faifan da ke kama juyin inji ya miƙa wa giya) mai kunnuwa shida, jajir da fenti, ya ce, "Oga, wannan nake so, an ce shi ne ƙarshe." Ni kuma ba na taɓa sifana sai na ji a ina motar take yini. Idan da ita yake zuwa ofis, yana bin gosulon Kano safe da yamma, ranar Lahadi kaɗai yake fita fili ya juya ta, maganarsa daban ce da ta wanda ya cire kujerun baya ya ajiye mota don wasa kawai. Sannan in tambayi ko an taɓa injin, domin kuloci da ƙarfin juyin inji ake auna shi, ba da kyawun kwali ba.

Bari in ɗauki BMW 330i ƙirar E46, tunda ita ce ta fi zuwa hannunmu. Injinta M54 mai silinda 6 yana ba da ƙarfin juyi na Nm 300, kuma kulocin da ta fito da shi daga kamfani, mai faɗin milimita 240, yana riƙe wannan ba tare da wahala ba. Filawil ɗinta, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan inji wanda filet ke mannewa a fuskarsa, irin mai ɓari biyu ne. Ɓari ɗaya yana ɗaure da kiranshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ɗayan kuloci ke kamawa, a tsakaninsu akwai dogayen sifirin kwance cikin giris da ke shanye girgizar inji kafin ta kai giya. Kamfanin LuK na Jamus ya fito da wannan tsari a 1985, kuma shi ya sa motar take tashi lumui, ba ka jin komai a silo, wato idan inji na aiki ba a taka totur ba. Amma sifirin nan suna gajiya, musamman a hannun mai harba kuloci don tayoyin baya su zame. Idan muka sauke giya, ina kama ɓarin waje in juya shi hagu da dama da hannu, in ji iya wasan da yake yi, in duba ko giris ya fara tsartuwa, in duba fuskar ko zafi ya bar mata shuɗin tabo. Wani lokaci tun kafin a kwance na sani, don idan aka kashe inji za ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa.

A nan ake fara ciniki. "Haba Oga, a sa filet kawai mana, filawil ai ƙarfe ne, me zai same shi?" Sai in ce, ƙanena, sauke giyar nan aikin yini ne, idan muka mayar da mataccen filawil zai cinye sabon filet, ka dawo mu sake saukewa, kuma a lokacin ni za ka zaga. Wasu su yarda, wasu su tafi inda za a yi musu yadda suke so.

Ni a kan Peugeot na koyi aiki, 504 da 505 da ake haɗawa a Kaduna a lokacin. Filawil ɗinsu dunƙulen ƙarfe ne guda, idan fuskarsa ta ƙone a kai wa masu injin sharar ƙarfe su share, a dawo a ɗaura. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin yaro ya ɗaura filet sai ya wanke hannu, ya ce ɗigon mai ɗaya a fuskar filet ya isa ya sa mota rawa har ta tsufa. Ba mu da sandar saita filet ta kamfani, da tsohon shaf ɗin giya da aka yanke muke saitawa, kuma idan giya ta ƙi shiga bai yarda a ja ta da noti ba, sai a sauke a sake saiti ko da magariba ta yi. Har yau haka nake wa yarana. Abin da ya canza shi ne mai ɓari biyu ba a share shi yadda muke yi wa na 504, idan ya mutu ya mutu.

To idan ya mutu, me za a sa? Mai motar yau da kullum ina ba shi shawarar ya koma kan irin na asali, LuK ko Sachs, filawil da kuloci gaba ɗaya. Wanda yake son ya huta da matsalar sifirin, akwai saitin Valeo mai filawil dunƙule wanda nauyinsa bai yi nisa da na asali ba. Mai wasa na gaske kuwa shi ke neman mara nauyi. Na asali ya haura kilo 10, na alminiyam kuma yana zuwa wajen kilo 5 zuwa 6. Ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya, wannan ina faɗa wa kowa, sai dai inji yana hawa da sauri yana sauka da sauri, a giya ta ɗaya da ta biyu za ka ji motar ta yi sauƙi a ƙafa. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙara. A silo, musamman idan giya ta yi zafi kuma an kunna AC, za ka ji haƙoran giya suna kaɗawa kamar wani abu ya kwance. Ba lalacewa ba ce, girgizar da sifirin suke ɓoyewa ce ta fito fili. Tashi a kan gada ma sai an ƙara totur, in ba haka ba ta mutu. Ni na fi son na ƙarfe mai matsakaicin nauyi a kan na alminiyam ga motar da ke hawa titi, kuma duk wanda zan sa wa sai na gaya masa zancen ƙarar nan a gaban shaida, don na gaji da "Oga, ka lalata min giya."

Abin da masu arha ba sa lura da shi: filet ɗin da ke tafiya da filawil mai ɓari biyu ba shi da sifirin a tsakiyarsa, tunda filawil ke wannan aiki. Idan ka koma dunƙule, dole filet ya zama mai sifirin, sai dai idan motar fili ce zalla. An sha kawo mana mota an haɗa dunƙulen filawil da filet mara sifirin, duk bugun yana tafiya kai tsaye cikin giya. Haka zancen haƙoran shaf ɗin giya da ke shiga tsakiyar filet: giya mai 5 tana da haƙora 10, mai 6 da ta zo a 2003 tana da 22, kuma motocin da ke yawo a nan da yawa an sauya musu giya a hanya. Saboda haka ba na yin oda da lambar mota kaɗai, sai na ƙirga da idona.

Shi kuma filet mai kunnuwan nan, na siramik, yana jure zafi kuma yana kamawa nan take, shi ya sa masu zamiya ke son sa. Amma ba shi da tsaka-tsaki, ko ya kama ko ya saki. Shiga gosulo da shi kamar zuwa cefane ne a kan dokin sukuwa. Yana cin fuskar filawil, kuma bugun da yake yi sai ya bi ta robar farfela, sandar da ke kai juyi tayoyin baya, har ya kai inda akisil ɗin baya ke ɗaure da jikin mota, wurin da E46 dama an san ta da tsagewa. Ga injin da ba a sa wa tabo (turbo) mai ƙara masa ƙarfi ba, filet mai cikakkiyar fuska irin ta asali da kaba (murfin da ke matse filet a jikin filawil) mai ɗan ƙarin matsi ya ishe shi. Lambobin mataki na biyu ko na uku da ake bugawa a kwali kuwa kowane kamfani da nasa ma'auni, ni adadin Nm da aka rubuta nake dubawa.

Sai kuma jabu, wanda shi ne ciwon kaina na kullum. Kwali ya yi kyau, sunan babban kamfani a jiki, ka buɗe ka ga ribit a karkace, sifirin suna motsi a gidansu tun ba a ɗaura ba. Wani dila ya taɓa aiko min filawil wai sabo, da na juya bayansa na ga sawun tsofaffin notuna, an wanke shi ne an fesa. Filawil abu ne da ke juyawa sau dubu shida a minti ɗaya kusa da ƙafar direba, ban ɗaura wanda ban san asalinsa ba, ko mai mota ne ya kawo da hannunsa. Na Baljiyam ma, in dai mai ɓari biyu ne, ba ka san tafiyar da ya yi a Turai ba.

Idan giya ta sauka a wurinmu, muna canza rilis boris, wanda ke tura kaba ya saki filet idan an taka kuloci, da ƙaramin boris na cikin kiranshaf, da ɗan turken roba da cokalin kuloci ke jingina a kai, mu duba sil ɗin bayan inji ko yana yoyo. Notunan filawil sababbi muke sawa, a ɗaure su bi da bi a gicciye da sifana mai awo, ba da bututu da ƙarfin damtse ba. Mu zuƙe tsohon man kuloci mu fitar da iska. Daga nan ni da kaina nake fita gwaji, ba yaro ba.

Sharaɗin ƙarshe shi ne wanda samari suka fi ƙi: kilomita 800 na tuƙin cikin gari a hankali kafin a harba kuloci ko sau ɗaya, don fuskokin su zauna da juna. Wanda ya ɗauki mota ranar Juma'a ya kai ta wasan biki ranar Asabar, warin ƙuna zai tona shi, kuma muna rubuta lambar mita a takardar aiki kafin mota ta bar gareji.