Gaɓar da iska ke fitowa

Asabar da dare, Zinder.

Tun asuba muka kama hanyar Gure, muka wuce Mirya, zuwa tafkin Gidimuni, don zaɓen gaɓar da za a kafa zangon kamun kifi na mako 3 a wannan hunturu. Gaɓa biyu muka zagaya da ƙafa, kuma iska ce ta raba gardama.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Da sassafe tana kwance, hantsi na ɗagawa sai ta taso, ba ta sassautawa sai bayan la'asar. Duk abin da ta kwaso, kumfa da tarkacen ciyawa da igiyar ruwa, gaɓar kudu maso yamma take kai wa. Can ɗin ya fi inuwa, ido ma ya fi sonsa, amma ruwan ya dame, kuma ƙaramin kwalekwalen roba irin na mutum ɗaya ba zai bar gaɓa da sauƙi ba, iska na mayar da shi. A gefen arewa maso gabas tudun rairayi ya tare iskar, ruwan bakin gaɓa kwance yake. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma babba: fita na da sauƙi saboda iska na bayanka, dawowa ce aiki. Don haka fita bayan sallar asuba, dawowa kafin ƙarfe 10, da rigar hana nutsewa a jiki ko mutum ya iya ruwa.

Bayan iska, sai ƙasan ruwa. Mun yanki gora mai tsawon mita 3, muka yi mata zane kowane rabin mita, muna cakawa daga cikin kwalekwale. Abin nema shi ne ƙasa mai tauri, da zurfin da ya kai mita 1 cikin taku 10 daga gaɓa. Tafki yana janyewa a rani. Inda gaɓa ta kwanta sosai, bayan mako 2 taɓo ne zai shiga tsakanin tanti da ruwa, a koma jan jirgi cikin laka safe da yamma. Wannan ne ke tada yawancin zango kafin lokacinsa.

Kafin a kafa ko turke ɗaya sai an ga sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji, a karɓi takardar izinin kamun kifi. Tafkin yana cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, tun 2019, kuma masu lambu da makiyaya duk da shi suke rayuwa. Na ce wa sarkin ruwa, “Baba, ina ne ba a zuba kalli?” wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa. Ya nuna mana mashayar shanu da bakin kacalla inda ƙananan kifi ke fakewa. Mashaya dama ba wurin zango ba ce: kofato na dama ruwa, ƙuda ba sa barin kifin da aka fede.

Kacalla ta dami raina ƙwarai. Gidan sauro ce, kuma a ruwa marar zurfi mai ciyawa irin wannan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, kuma ta fi yawo da tsakar rana. Shi ya sa na soke maganar nutso da gilashin ido da bututun numfashi da yaran da ke tare da mu suka zo da ita. Na sa hannu cikin ruwan har gwiwar hannu, yatsuna ban gani ba, to me za a kalla? Ruwan wanka a ɗiba a ajiye shi kwana 2 cikin bido, ko a tafasa. Mai shiga zuba taru ya sa dogon takalmin roba. Wanda duk ya jiƙu, ya je asibiti mako 6 zuwa 8 bayan tashi daga zango, a auna shi, in ta kama a ba shi maganin praziquantel gwargwadon nauyinsa.

Tanti zai zauna a bayan tudu, ƙofa na kallon kudu maso yamma. Turke gajere ba ya riƙe rairayi, sai mai rabin mita, ko a binne buhun ƙasa a ɗaura igiya a kai. Tamfol a ƙasa, tabarma, bargo 2 ga kowa, don sanyin asuba a bakin ruwa ya fi na cikin gari nesa. Ramin ba-haya aƙalla mita 30 daga ruwa. Ruwan sha da girki daga famfon gari, lita 20 ga mutum a yini.

Karfasa ba ta cika cin ƙugiya ba in ruwa ya yi sanyi, sai rana ta ɗumama shi, don haka sai birgi, wato ragar jifa, da azahar daga gaɓa. Tarwada kuwa mamari, wato igiya mai jerin ƙugiyoyi, za a shimfiɗa mata da magariba, a duba da asuba. Wurin banda zai koma kudu da tanti, hayaƙi ya bi iska ya tafi.

Kwalekwalenmu na katako ya bushe, haɗinsa ya buɗe. Mun nutsar da shi a bakin gaɓa da duwatsu a ciki, katakon ya sha ruwa ya kumbura. Ranar Talata za mu koma da auduga da kwalta mu toshe inda ya rage.